Mai Agogo a Wuya

A gidanmu na Haɗeja, zamanin da ake kashe sule da fam, bayan magariba gefen wutar banda muke taruwa. Kakata Iya Gana tana juya tarwaɗa, hayaƙi na shiga mana ido, tana ba mu labari. Na mai agogo muka fi so.

Wai wani saurayi ne ya raina kamun kifi, ya tafi Kano ya koyo haɗa wayar mota. Da ya dawo sai wani attajiri ya kira shi, agogon gaban motarsa ya tsaya. Saurayin ya ciro agogon, ya jona shi da batir, ya kara a kunne ya ji yana bugawa. Ya bi wayoyin da ƙwan gwaji har ya gano wadda ta tsinke, ya haɗa. Suka hau hanyar Jahun tare don gwaji. Ba su yi nisa ba wayar ta yi zafi, gaban motar ya kama da wuta. Da hannu saurayin ya fizgo ta. Attajirin ya sa aka rataya masa ƙonannen agogon a wuya, aka zaga kasuwa da shi, kowa na tambayarsa ƙarfe nawa.

A nan Iya kan lanƙwashe yatsunta, ta siranta murya tana kwaikwayon saurayin ta ce, "Ranka ya daɗe, agogon ya yi barci."

Har birgima muke don dariya. Ɗanta, Kawu Bukar, yana gefe yana ɗinke koma da yatsu uku, bai taɓa ɗaga kai ba. Mun san shi ne. Da rana har bakin kogi muke binsa muna kwaikwayon muryar.

Sai da na yi furfura, yana jinya, ya gaya mini abin da Iya take tsallakewa. Ya faɗa wa attajirin babu fiyus mai hana waya kamawa da wuta, a jira a kawo daga Kano; mutumin ya ce a haɗa haka. Iya ta sani. So take kada waninmu ya ƙara barin kogi, kuma ta yi nasara, don dukanmu masunta muka tashi. Har yau na kasa kiran abin nan tarbiyya.

Na roƙe shi gafara. Ya ce ai yara ne mu a lokacin. Sannan ya ce, "Amma kai ka fi kowa iya muryar."