Faifan da Yaya Sabo Ya Bari a Sama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo, mai gyaran agogo a unguwar Mandawari, amma har yau in aka ɗauke wuta shi nake tunawa. Kowa na tsaki, shi yana hamdala. Sai ya saɓi madubin hangen nesa da kyamara, ya tsaya gindin tsani ya ɗaga murya, "Maƙwabta, za a hau soro!" don mata su kimtsa.

Wani gungun taurari mai nisan gaske yake farauta. Ya taɓa ɗaga faifai daidai idona ya ce, "Binta, haka yake. Faffaɗa ne, amma gefensa kaɗai Allah Ya nufe mu da gani." Haskensa ba ƙarfi, sai an tara ɗaruruwan hotuna an haɗa a kwamfuta kafin ya fito. Da yayyafi kogi kan cika, in ji shi.

Unguwa ba ta ga kogi ba. Aka fara raɗe-raɗin wai leƙen gidajen mutane yake yi. Maƙwabcinmu Alhaji Ɗanlami har tsawon katanga ya ƙara, ya daina gaisawa da shi. Abin ya ci Yaya ƙwarai, kuma ya rasu hoton bai kammala ba. Ni da na san gaskiya na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Da zai dawo yanzu, da ya yi salati. Kowane gida da fitilar sola, duhun da yake jira ya yi ƙaura daga cikin gari. Ni malamar firamare ce, a da ban taɓa riƙe kyamara ba, amma na yi shekara uku ina koyo, ina tara nawa hotunan a kan nasa. Bara siffar ta fito: siririn haske mai kumburi a tsakiya, da baƙin zare ya ratsa shi.

Na wanke hoton, na kai wa Alhaji Ɗanlami har zaure. Ya daɗe yana dubawa.

"Dama wannan yake kallo?"

"Shi ne, Baba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya jiƙan Sabo. Mun ɗauki alhakinsa."

Saura gidaje da yawa, kuma duk sai na shiga. Yaya bai bar gida ko gona ba, sunansa kaɗai ya bari, shi nake wankewa. Yanzu in na tsaya gindin tsani na ce za a hau soro, fitilar Alhaji ce ke fara mutuwa.