Giwa Bai Ɗaga Hannu Ba

Giwa mai walda ne, kuma sunan bai yi masa yawa ba. Shi kaɗai yake cicciɓar ƙyauren ƙarfe ya aza a kafaɗa. Yana saurayi, shi ake kira rabon faɗa a unguwarsu, ko da yake sau tari shi ne ya tayar. Unguwar tana ƙetaren layin dogo, kuma a wancan zamani mutanen ƙetare ba sa shiga babban asibiti ta ƙofar gaba. Sai su zagaya ta baya, inda ake zubar da shara, su jira a gama da kowa.

Wanda ya ce abin ya isa haka wani tsohon malamin makaranta ne, siriri, mai yawan tari, ana kiransa Hedimasta. Ya tara jama'a za su je su zauna a ƙofar asibitin, ba sanda, ba dutse, ba zagi. Da Giwa ya ce da shi za a je, Hedimasta ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai kam gara ka zauna a gida. Ko atishawa ka yi, cewa za a yi mun zo da makami."

Aka kwashe da dariya, amma Giwa ya kafe.

"To, ka zauna kusa da ni. Ko me ka gani, hannuwanka suna kan gwiwa. Ka yi alkawari?"

"Na yi, Malam."

Ranar zaman, masu gadi suka fito da kulake. Wanda ya nufo su ɗan tsurut ne, da hannu ɗaya Giwa zai iya yin jifa da shi. Kulki na farko ya sauka a kafaɗar Hedimasta, na biyu a kansa. Jini ya fantsama a rigar Giwa. Hawaye suna zubo wa Giwa, amma bai motsa ba. Ganin ƙaton yana zaune, ba wanda ya tashi.

Wani ɗan jarida ya ɗauki hotonsu a haka, hoton ya zaga ƙasa. Kafin shekara ta zagayo an buɗe ƙofar gaba ga kowa, makarantu suka biyo baya, wasu garuruwa ma suka kwaikwayi irin zaman.

Hedimasta ya rayu, sai dai ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Kullum da yamma Giwa yakan kashe injin walda ya tafi gidansa, ya yi masa wanka, ya juya shi, ya fito da shi shan iska a keken da ya haɗa masa da ƙafafun tsohon keke. Duk inda suka bi yabon Giwa ake yi, shi kuwa yabon ƙona shi yake kamar tartsatsi.

Matarsa takan ce, "Baban yara, ba fa kai ka doke shi ba."

"Da na tare kulkin da hannu kawai. Tarewa ai ba duka ba ce."

Wata rana yana yi wa Hedimasta aski, ya kasa daurewa. "Malam, da na tare fa?"

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito. Har Allah ya karɓi ran tsohon, Giwa bai san ko murmushi ya yi masa ba, ko kuwa karkacewar bakin ce kawai.

Yanzu Giwa ya tsufa, idanunsa sun gaji da wutar walda. Ba ya zuwa taron tunawa da Hedimasta, ko an aiko masa da mota. Amma in matasa za su fita neman wani haƙƙi, sukan biyo ta shagonsa. Yakan zaunar da su a kan benci ya koya musu duk abin da aka koya masa: yadda ake zama, yadda ake haɗiye zagi. Sannan ya ƙara nasa.

"Kada ku rama, ko kusa. Amma in aka ɗaga kulki a kan na kusa da kai, ka kifa a kansa. Bayanka ya fi kansa ƙwari."