Hoton Mashayar Shanu Da Ya Sa Na Ci Amanar Abokina

A shekarun baya ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi, kuma ina da wata ɗabi'a da abokaina na tasha ke yi mini dariya a kanta: tara hotunan daji. Ba na kyamara ba, irin waɗanda ake zanawa a kwamfuta a buga a takarda mai kauri. Tsauni, fadama, gonar gero da la'asar. Na jera su a falo cikin gilashi, har matata tana cewa na mai da ɗakin baƙi kanti. Duk a hannun mutum ɗaya nake saye, wani bawan Allah mai shagon buga takardu a Maraɗi, siriri, marar yawan magana. Tun ina ciniki har muka shaƙu, yakan biyo motata ya sauka a gidana, ya shiga ƙauyuka neman wurin zanawa.

To, kowa ya san halin da yankinmu ke ciki. Ɓarayin daji ba sa shiga gari sai da ɗan gari, kalmar infoma kuwa ta fi wutar kara saurin kamawa. Abokina ya zana mini wata mashayar shanu ta wajen Gangara, da burtalin da ya gangara zuwa gare ta, da kukar da ke gefe. Kai, har inda hanya ta rabu biyu bai bari ba. Ba a yi sati uku ba aka kwashe shanun ƙanin mahaifina a wannan mashaya. Da na dawo daga jaje na zauna gaban hoton, sai shaiɗan ya fara yi mini huɗuba. Na tuna yadda yake tare makiyaya yana tambayarsu yaushe suke kawo shanu ruwa, ta wace hanya, da hantsi ko da yamma. Na tuna yadda yake ɗaga waya yana ɗaukar kowane lungu. Na sauko da sauran hotunan ɗaya bayan ɗaya, wallahi a ranar ba kyau nake gani ba, taswira nake gani.

Ni mutum ne mai zafin zuciya, magana ba ta kwana a cikina. Ban kira shi ba, ban tambaye shi ba. Na ɗauki hoton na kai majalisarmu ta bakin tasha, na ce su duba su gaya mini abin da suka gani. Ai kuwa kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wannan ya ce dama shirun nan nasa bai kwanta masa ba, wancan ya ce mai hankali ba ya yawon daji a wannan zamani don zane. Ranar kasuwa da abokin nawa ya sauka a tasha aka yi masa ca. Aka fasa kwamfutarsa, aka karya masa yatsu biyu na hannun dama, ni kuma ina raɓe a bayan mota na kasa fitowa. Wani dattijo mai sayar da hatsi ne ya kwanta a kansa, ya rantse sai dai a kashe su tare.

Da aka bincika, ba a samu komai a wurinsa ba sai zane. Tambayar lokacin shayarwa ashe hasken rana yake nema, don ya san inda inuwar shanu za ta faɗa. Wanda ya jagoranci ɓarayin kuwa an kama shi daga baya, ɗan ƙauyen ne, har da shi aka zauna jaje. Na je Maraɗi neman gafara, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya tarbe ni, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce ya yafe. Sai ya nuna mini hannun, ya ce ya daina iya riƙe alƙalamin zanen, kuma abu ɗaya ne ke ci masa rai, da na tambaye shi da ya faɗa mini a take.

Ban rubuto wannan don a tausaya mini ba. An cuce mu, tsoro ya cika mu, gaskiya ne, amma ba banza ba aka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Jama'a, in zuciyarka ta raya maka wani abu game da mutum, ka same shi ka tambaye shi kafin ka kai sunansa majalisa, don in ya fita daga bakinka ba kai ke da shi ba. Ni ban ɗaga wa kowa hannu ba a ranar, amma ni na karya yatsun nan.