Ranar da Lamba Tara Ya Cire Kwalkwali

Motar Orrin Lahti a waje take kwana, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Garejinsa da ke yammacin Duluth na wani ne daban: sulken alminiyam mai tsawon ƙafa bakwai, an rataye shi gaɓa-gaɓa a jikin bango, kwalkwalin kuma yana kan teburi an lulluɓe shi da tsohon bargo.

Orrin yana da shekara sittin da bakwai. Aikinsa tun yana saurayi shi ne lanƙwasa kwano ya haɗa bututun da ke ɗumama gidaje, kuma da ragowar kwanon wurin aiki ya ƙera sulken. Siffar Lamba Tara ce, mutum-mutumin ƙarfe na shirin talabijin ɗin nan, Ayarin Zuhal, wanda aka yi shekara biyu ana nunawa sannan aka soke shi ba tare da ayarin ya kai gida ba. Masoyan shirin ba su haƙura ba. Duk watan Oktoba mutum ɗari huɗu ko biyar kan cika wani otal a bakin tafki, su kwana biyu suna gardama a kan abin da ya kamata ya faru a kashi na talatin da tara, wanda ba a taɓa yi ba.

Wanda ke cikin sulken ba ya ganin komai sai ƙasan gabansa, ta wata 'yar tsaga a wuya. Jin magana ma da ƙyar. Saboda haka dokar taron ta ce duk mai irin wannan shiga sai da ɗan jagora. Shekara ashirin da shida yayarsa Verna ce ke jansa. Ita ce mai ganguna a Tsatsa, ƙungiyar kiɗan rok da ke wasa a taron kowace Asabar da rana, kuma da sandar gangarta take yi masa magana. Bugu ɗaya a kafaɗa, ya juya ta wannan ɓangaren. Biyu a gadon baya, ya tsaya. Idan ta kaɗa masa a jere a ƙugu, to matakala ce a gaba. In lokacin wasa ya yi, sai ta kai shi gefen dandamali ta juya fuskarsa wajen jama'a, ya tsaya nan kamar gunki har a tashi.

Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce huhun mijinta yana son busasshiyar iska, suka koma Tucson, can kudu a cikin hamada. Mijin ya rasu a shekara ta biyu. Kowa ya ɗauka za ta dawo, ba ta dawo ba.

Na je gidan Orrin sati biyu kafin taro na talatin. Ya kawo kofi da kyafaffen kifi, ya kira Verna a gabana, ya ƙara sautin wayar.

"Yaya, Lyle mai jita ya ce kin yarda za ki yi kiɗan."

"Kiɗa ɗaya, Auta. In sauka ranar Juma'a, in tashi ranar Lahadi."

"To tunda za ki zo..."

"A'a. Kar ma ka fara. Shekara ashirin da shida ina kallon bayanka. Na san kowace ƙusa da ke jikin gwangwanin nan, ni ce ma na riƙe maka fitila kana buga su."

"Ba gwangwani ba ne."

"To tukunya. Ka bar Lyle ya ja ka."

"Lyle ya tura ni cikin teburin lemo."

"Ai na ga hoton, na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo."

Ta kashe wayar. Ya ce mini ba wai babu masu son jansa ba ne, sun yi yawa ma. Amma duk da baki suke jagora, su yi ta ihu a gefen kwalkwali, shi kuwa abin da ke iso masa kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Verna ba ta taɓa cewa uffan ba. Wata shekara, a tsakiyar cunkoso, numfashinsa ya fara sarƙewa, bai faɗa wa kowa ba. Daga yadda yake ɗaga ƙafa ta gane, ta fara buga masa wani kiɗa a hankali a tsakiyar baya har ya daidaita numfashinsa da shi, ta fitar da shi. Ba su taɓa tada zancen ba.

"Abin da nake so ke nan," in ji shi. "Sau ɗaya kawai, daga lif zuwa zaure."

Ranar Asabar Lyle Bergquist ne ya ja shi. Lyle tsohon mai raba wasiƙu ne, shi ke kaɗa jita a Tsatsa, gwiwarsa ɗaya ta roba ce. Tafiyar minti biyar ta ɗauke su ashirin.

"Hagu, mutumina. Hagu na ce! Ɗaya hagun!"

Verna tana kan dandamali tana ɗaure gangunan aro. Ta ɗago ta gan su, ta girgiza kai, ta ci gaba da abin da take yi. Lyle ya kai shi gefen dandamali, ya juya fuskarsa wajen jama'a kamar yadda aka saba, ya hau ya ɗauki jitarsa.

A taron akwai wata doka da ba a wasa da ita: mai sulke ba ya cire kwalkwali a gaban mutane. An ware ɗaki a bayan kicin, da fanka da ruwan sanyi, can ake cirewa. Orrin ne ya rubuta dokar da hannunsa a shekara ta uku ta taron, kuma ya taɓa hana wani mutum shiga gasa saboda ya ɗaga kwalkwali ya sha ruwa a farfajiya.

Ƙarfe uku aka fara. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, Lamba Tara yana tsaye bai motsa ba. Ina kusa da shi, ina jin kwanon ƙirjinsa yana karkarwa da kowane bugun babbar ganga. A waƙa ta uku ya ɗaga hannu, ya lalubi maɓallan wuya. Da safar hannu ta ƙarfe abin ba sauƙi, sai da ya yi kusan minti guda. Ya ciro kwalkwalin ya rungume shi a hammata, ya juya a hankali ya ba jama'a baya.

Wata mata a layin gaba ta dafe baki. Wani daga baya ya yi ihu, "Orrin, dokarka fa!" Aka yi dariya, wasu ba su yi ba. Shi bai waiwaya ba. Gashinsa ya manne da gumi, goshinsa da jan shatin soson cikin kwalkwali. Tun da Verna ta tafi wani ne ke riƙe gangunan, kafin nan kuma kullum bayansa ke wajenta. Rabon da ya ga yayarsa tana kiɗa tun suna gidan iyayensu.

Tana da shekara saba'in da ɗaya. Gashinta fari ne, an aske shi gajere. Tana kiɗa ido a rufe, ta cije leɓen ƙasa, kafaɗarta ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, kuma tana dukan gangunan kamar sun yi mata laifi. Sai a ƙarshen waƙar ta buɗe ido ta gan shi. Ta kuskure bugu ɗaya. Lyle ya ce a shekara talatin bai taɓa jin ta yi haka ba.

Bayan an tashi ta sauko tana goge wuya da tawul.

"Auta, ka tsufa."

"Na ɗauka murmushi kike yi in kina kiɗa."

"Ni? Aiki nake yi, wane murmushi." Ta dubi kwalkwalin. "Yanzu sai su kore ka."

"Ni zan kori kaina. Ni ne shugaban kwamitin."

Bai sake roƙonta ta ja shi ba, ita ma ba ta ce za ta yi ba. Ta dai taya shi kwance sulken a ɗakin bayan kicin, suka jera gaɓoɓin a cikin akwatuna.

Da safiyar Lahadi ya kai ta filin jirgi. Ya ce mini a mota ya tambaye ta ko za ta zo baɗi, ta ce ba ta jin za ta zo, hannuwanta sun kumbura tun jiya. Ta ce shi ya zo Tucson a Janairu, tana da ɗaki, tana da ganguna a falo, ranar Laraba kuma wasu tsofaffi biyu kan zo su yi wasa har maƙwabta su buga bango.

Orrin bai taɓa wuce Chicago ba. Da na koma gidansa a Nuwamba na tarar da taswirar jirgin ƙasa a buɗe a kan teburin kicin, ya zagaye garuruwa uku da fensir. Ya ce kwana uku ne zuwa Tucson in an canza jirgi sau biyu, kuma har yanzu bai samu wanda zai riƙa leƙa masa bututun ruwa kada ya daskare ba.