Wardi Talatin da Takwas na Bayan Coci

Ranar da 'yarta ta mayar da ita gida daga Leeds, Enid Garside ko kwat ba ta cire ba ta zauna a kicin tana bin wasiƙun da suka taru a bayan ƙofa. Mako huɗu ba ta gari. An yi mata aikin ƙugu a ƙarshen Oktoba, ta yi jinya a gidan 'yar, inda ko butar shayi ba a barinta ta ɗaga. A cikin tarin takardun akwai 'yar jaridar ƙungiyar masu lambun wardi ta Hebblegarth, shafi huɗu, wadda ita kanta ta shekara ashirin da biyu tana haɗawa kafin idonta ya fara gajiya. Ta sa tabarau ta buɗe.

A shafin farko kwamiti yana yi wa jama'a albishir cewa lambun bayan coci ya sami sabuwar fuska. An kawar da "tsofaffin itatuwan da suka gaji", an kwashe tsohuwar ƙasa an zuba sabuwa, an dasa sabon iri guda sittin, duk launi ɗaya, masu jure cuta. Ana godiya ta musamman ga shugaba, Mista Crispin Aldous. Can ƙasa, tsakanin sanarwar shayin Kirsimeti da cigiyar safar hannu, ana yi wa Misis Garside fatan samun sauƙi.

Sau uku ta karanta. 'Yarta tana tambayarta ko za ta ci miya da burodi, ba ta ji ba.

A garin aka haifi Enid, shekara saba'in da huɗu ke nan. Mahaifinta ma'aikacin ramin kwal ne, shi ya koya mata yadda ake datse reshen wardi a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan yankan, da yadda ake yi wa idon reshe ɗaya aure a jikin saiwar wardin daji. Ta shekara talatin da huɗu tana girki a makarantar firamare, har ba wani magidanci a garin da bai ci dankalinta ba, ko bai sha faɗanta a kan barin kabeji a faranti ba. Ta auri Desmond, direban bas, mutum mara yawan magana. Da mahaifinta ya rasu, ta roƙi limamin cocin na lokacin ya ba ta 'yar ƙasar da ke jikin katanga, ta dasa jan wardi da sunansa. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk ɗan ƙungiyar da ya mutu, iyalinsa za su zaɓi iri, Enid ta dasa, Desmond ya buga sunan da ƙusa a jikin guntun kwano ya ɗaura a gindi. Da Desmond ya tafi, ita ta buga nasa, haruffan suka fito a karkace. Talatin da takwas suka zama. Ba su da tsari ko kaɗan: wani ya fi mutum tsawo, wani ya kwanta a ƙasa, wani sau ɗaya yake fure a shekara ya sake komawa ƙaya zalla. Kowace Asabar tana can da almakashinta da bokitin taki.

Washegari da safe ta ɗauki sandunanta biyu ta nufi coci, tafiyar da take yi a minti biyar ta ci mata ashirin. Ta tarar da ƙasa baƙa, sumul kamar an goge ta da hannu, da 'yan kututturai sittin a jere, kowanne da farar leda a wuya. Ta daɗe a tsaye. Daga nan ta juya sai gidan Mavis Holroyd, ƙawarta tun suna 'yan aji ɗaya, wadda kuma take cikin kwamitin.

Mavis ta buɗe ƙofa da murmushi, ta ga fuskarta, murmushin ya koma. Ta ce ta shigo ta zauna, yanzu ta ɗora ruwa.

"Ajiye shayinki," in ji Enid. "Kin ɗaga hannu ko ba ki ɗaga ba?"

Mavis ta fara kame-kame. Ta ce a takardar taron an rubuta "gyaran lambu" ne kawai, ita ta ɗauka aski za a yi musu a zuba taki, kuma na'urar kunnenta tana ta ƙara a ranar, rabin maganar ba ta ji ba. Ranar da motar kwashe ƙasar ta zo tana wurin likitan haƙori. Da ta ga abin da aka yi, kwana biyu ba ta ci abinci ba, ta rasa ta yadda za ta faɗa mata a waya.

"Na mijinki shi ne na uku daga ƙofa, Mavis. Ruwan ɗorawa, mai ƙamshin lemo. Ke kika zaɓa da kanki, kina ta cewa ya fi shi ƙamshi yana raye."

Mavis ta fashe da kuka. Enid ba ta rarrashe ta ba. Ta jira har ta share hanci, sannan ta tambaye ta inda aka kai itatuwan.

Suna bayan ɗakin taron gari, an jibge su jikin shinge ana jira ruwa ya ɗauke a cinna musu wuta. Kwana tara ke nan. Alamun kwanon kuwa an cire su duka an zuba a cikin tsohon gwangwanin biskit, an ajiye a kan katakon ajiya tare da kofuna. Wannan ya fi komai ƙona wa Enid rai, domin ke nan wanda ya yi aikin ya ga sunayen. Ya tsaya ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya karanta ko bai karanta ba, ya rufe gwangwani.

Abin da ya taimaka shi ne an yi ta yayyafi duk kwanakin, sanyi kuma bai kai na ƙanƙara ba, saiwoyin da ke ƙasan tarin ba su bushe ba. Enid ta sa Mavis ta kawo baro da kujera. Ta zauna a bakin tarin da bargo a gwiwa, Mavis tana jawo su da ɗai-ɗai tana kawo mata. Babu fure, ganye ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da ƙaya da launin ɓawo take gane su. Mai jajayen ƙayoyi masu lanƙwasa na mai gidan waya ne. Wanda ba shi da ƙaya sam na malamar piano. Wasu shebur ya raba su biyu, wasu an sare musu saiwa har gindi. Huɗu ne suka gagare ta, ta ɗaura musu zare ta ce sai sun yi fure su faɗi sunansu da kansu. Sawu goma sha ɗaya Mavis ta yi da baro zuwa bayan gidan Enid, tana nishi tana cewa ita ma sabon ƙugun za a sa mata. Enid ta ce ta ci gaba da turawa, hannun da ya iya ɗaguwa a taro ai zai iya riƙe baro.

Suna cikin haka Walter Birkett ya iso, tsohon makiyayin tumaki mai shekara tamanin da ɗaya, da hularsa a hannu. Ya gaishe su, ya yi wa Enid ya jiki. Ya ce shi ba itacen ya zo tambaya ba, ƙasar yake nema. Matarsa ta bar wasiyyar a ƙona gawarta a zuba tokar a gindin wardinta, kuma shi da Enid suka zuba da hannunsu shekara shida da suka wuce. Ya je gidan Mista Aldous sau biyu, an ce ya fita.

Enid ta ce masa ya je gida, ranar Alhamis akwai taro.

Mista Aldous shekara uku ke nan da zuwansa garin daga kudu, bayan ya yi ritaya daga dillancin gidaje. Mutum ne mai fara'a da tsafta, kuma gaskiya ya san wardi, nasa ne suka ci kofi biyu a bara. An zaɓe shi shugaba ne don babu wanda yake son wahalar. Ranar Alhamis da yamma ɗakin taron ya cika fiye da yadda aka saba, har kujeru suka gaza. Ya fara da yi wa Misis Garside barka da dawowa, aka tafa. Da ta miƙe a kan sandunanta ta nemi magana, ya ce da ladabi ta yi haƙuri sai an zo kan "sauran batutuwa".

"Ni ba sauran batutuwa ba ce, Mista Aldous. Tun kana makaranta nake cikin ƙungiyar nan."

Ta ɗora gwangwanin biskit a kan teburinsa, ta buɗe, ta fara ciro alamun tana karanta sunayen. Ba ta ƙara komai a kai ba, suna kawai da shekarar mutuwa, ta ajiye, ta ciro wani. Wajen na goma wata mata a baya ta tashi ta fita. Wajen na ashirin har cokula sun daina ƙara a cikin kofuna. Na Desmond ta karanta shi kamar na kowa.

Shi kuwa ya kare kansa, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce rabin itatuwan baƙin tabo ya cinye ganyensu, suna kuma yaɗa cutar ga lambunan maƙwabta. Alƙalan gasar ƙauyen da ya fi kyau sun rubuta a rahotonsu cewa wurin ya yi kama da daji. Kowa ya san sabon wardi ba ya yi a tsohuwar ƙasar wardi, dole a canja ta. Kwamiti ya kaɗa ƙuri'a, yana cikin littafin taro. Sunayen ma ai an adana su, yana da niyyar a sa su a allo guda mai kyau.

Walter ya miƙe daga kujerarsa a hankali.

"Ranka ya daɗe, ni ba ruwana da allo. Ina ka kai matata?"

Mista Aldous bai gane ba. Da aka yi masa bayani, fuskarsa ta yi fari fat, ya zauna. Ya ce babu wanda ya gaya masa. Enid ta ce babu wanda ya tambaya. Lambar wayar 'yarta tana manne a jikin allon sanarwa, kati ma sun aiko mata da sa hannun kowa, ranar da aka rubuta shi kuma ita ce ranar da motar ta zo.

An gano cewa ɗan kwangilar da aka ba aikin ya juye ƙasar a gefen gonar wani manomi, mil uku daga gari, don cike wani kwari. Manomin da ya ji labari ya hana a baje ta.

Jaridar Disamba ta fito da layi biyu a shafin ƙarshe: kwamiti yana baƙin ciki da duk wani rashin jin daɗi da wataƙila aikin gyaran ya jawo. Kalmar "wataƙila" ta hana Enid sukuni har mako guda. Ta rubuta amsa mai shafi uku, sakatare ya ce babu fili. Ta buga ta da kanta a ɗakin karatu na gari, ita da Mavis suka bi gida-gida suna turawa ta ramin ƙofa. Mutum tara suka fita daga ƙungiyar. Wasu kuma, har da waɗanda iyayensu ke cikin gwangwanin, suka riƙa cewa a bayan idonta tsohuwar ta cika riƙo, sabon lambun ma ai ya fi kyan gani. Ta ji, ta kuma san bakin da ya faɗa.

Ita ba ta fita ba. Ta ce in ta fita wa zai hana su. Tana zama a layin gaba a kowane taro, duk kalmar da ba ta gamsu da ita ba sai an fassara mata ita a gaban kowa kafin a ɗaga hannu. Taron da ake gamawa a awa ɗaya ya koma awa biyu.

Duk hunturun itatuwan suna kwance a rami a bayan gidanta, an rufe saiwarsu da ƙasa da tsofaffin buhuna. A watan Afrilu ashirin da ɗaya suka fitar da ido. Na mijin Mavis yana ciki, da na mahaifinta, wanda ya fi kowanne tsufa. Na Desmond bai tashi ba. Ta bar shi har Yuni tana kankare ɓawon da farce ko za ta ga kore, daga baya ta cire shi da kanta, ba ta gaya wa kowa ranar ba. Mista Aldous ya aiko da wasiƙa, wannan karon da rubutun hannunsa, yana cewa za a ware wuri a gefen katanga a mayar da waɗanda suka rayu. Ta amsa masa da cewa ta gode, amma ba ta ba da ajiya sau biyu a wuri ɗaya. Ta kira iyalai kowa ya zo ya ɗauki nasa da alamarsa. Bakwai ba su da kowa a garin, suna nan a bayan gidanta inda a da take shuka wake.

Na matar Walter ya rayu da ƙyar, reshe ɗaya tak. A watan Nuwamba, da lokacin dashe ya zagayo, manomin ya zo da motarsa ya ɗauki Walter da Enid da Mavis, tare da wardin, zuwa gonar. Tudun ƙasar yana nan, ciyawa ta rufe shi. Walter ya zagaya shi sau biyu, ya rasa ta ina zai ce nan ne, ya nuna tsakiya. Mavis ta haƙa, Enid ta daidaita saiwar ta danne ƙasa da ƙafarta mai lafiya. Manomin ya kafa turaku huɗu ya ja waya saboda tumaki. Iska tana da ƙarfi a wurin, babu katanga babu inuwa, Enid ta faɗa wa Walter gaskiya cewa ba ta da tabbacin zai kai baɗi. Ya ce ya ji. Ya tambayi manomin wace bas ce ke tsayawa kusa da ƙofar gonar, da ƙarfe nawa take wucewa.