Tankari da Fatawar Melbon

Tankari ya zo Guangzhou daga Maraɗi a shekarar 1997 don ya sari jakunkunan mata a garin Shiling. Kayan sun shiga jirgin ruwa ba su isa gida ba, shi ma bai koma ba. Ya zauna yana ɗaure wa fatake kaya a kasuwar Shahe. Bizarsa kuwa tana wuyan wani Bature ɗan Ostireliya, Mista Doyle, mai kamfanin jigila, wanda ya sa shi cikin ma'aikatansa saboda dalili guda: Tankari ya iya hura usur.

Duk Lahadi 'yan Ostireliya sukan taru a wani fili su buga ƙwallon ƙasarsu. Ƙwallon kamar gwanda take, da hannu ake ɗaukar ta, ana rungumar mutum a maka shi da ƙasa, kuma duk wannan ba laifi ba ne. Babu mai son alƙalanci a cikinsu. Tankari kuwa ya yi alƙalancin ƙwallo a Maraɗi har an taɓa jifan sa, abin da yake lissafawa cikin shaidun ƙwarewarsa.

Wani dattijo a cikinsu ne ya koya masa dokoki kafin ya koma ƙasarsu. Tankari ɗan malamai ne, don haka ya ɗauke su yadda ake ɗaukar karatu a zaure: baki da baki, ya haddace, ya riƙe sunan malaminsa. Babbar dokar ita ce, in aka cafke ka da ƙwallo ba ka sake ta ba, ka yi laifi.

Da shekara ta zagayo, Doyle ya ce masa yanzu a Melbon, can ƙasarsu, sai alƙali ya duba ko mutum ya sami sararin sakin ƙwallon kafin a cafke shi.

"Dokar ta canza?" in ji Tankari.

"Tana nan. Fassararta ce ta canza."

"Wa ya canza ta?"

"Kwamiti."

"Kwamitin nan, wurin wa ya yi karatu?"

Doyle bai sani ba, saboda haka Tankari ya ci gaba da hura usur yadda aka koya masa. 'Yan wasa suka yi ta zagi, shi kuma ya ɗauki zagin a matsayin alamar aiki yana kyau.

Bayan Juma'a a masallacin Huaisheng, abokinsa Mas'udu, Bakano, ya ja shi gefe.

"Haba Malam, ba gado kake rabawa ba fa. Lawban, wato maigidanka, ya ce hura, ka hura. In ya ce ƙwallon kabewa ce, ka tambaye shi ko a ɗora miya. Bizarka saura ƙiris."

"Abu guda, bara laifi, bana ba laifi? To mutanen da na hukunta bara hwa? Zalunci na yi kenan?"

"Turawa ne, sun manta."

"Mala'iku sun manta?"

Amma biza ba ta jiran mala'iku. Da Doyle ya fara gaishe shi sama-sama, Tankari ya sauko. Ya ari kasakasan bidiyo ya kwashe damina yana kallo, har ya gane sabon hukuncin. Ya bi waɗanda ya hukunta a baya ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Suka yafe masa, ba tare da sun gane me ya yi musu ba.

Ranar da ya fara aiki da sabuwar fassarar, ya hukunta daidai, aka zage shi fiye da kullum. Ashe waɗanda suka dawo daga hutu a ƙasarsu sun zo da labarin an sake gyara ta. Sun kuma zo da wani malamin makaranta wanda ya yi kwas ɗin alƙalanci, ba ya kuma bukatar kowa ya tsaya masa a kan biza.

Da Tankari ya je ofis maganar sabuntawa, Doyle ya ba shi hannu, ya yaba masa ƙwarai, sannan ya faɗi kalmar da kowane mai shago a garin ya iya: "Meyo." Babu.

Yanzu a bayan wani shago a Shahe yake ɗaurin kaya, inda 'yan sanda ba su cika leƙawa ba, ta lungu yake zuwa masallaci. Fatake kan kawo masa rigimarsu, tunda an ce alƙali ne. Yakan saurare su har ƙarshe, sannan ya ce su jira baɗi, wataƙila mai laifin ya canza.