Malam Ilyasu da Gwangwanayen Karin Sanskrit

Ina cikin awon mata masu ciki a asibitin Tsauni, ranar Asabar da hantsi, wayata ta yi ƙara. Inna ce. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Rabi, Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na hau kabu-kabu zuwa Matameye ina hawaye, amma abin da ya tokare min ƙirji haushi ne. Ya yi min alkawarin ranar Litinin za mu je ganin likitan zuciya a Damagaram.

Mahaifina, Malam Ilyasu Habu, ya ƙare ƙarfinsa yana koyarwa a lakwal, makarantar boko. A gida kuma ya gaji aruli daga kakanmu, wato ilimin auna baitocin waƙa. Duk wanda ya taɓa kawo masa waƙa ya duba ya san abin da ya tarar. Zai rufe ido, ya dinga buga yatsa a gwiwa, can ya ce, "Ɗangon nan yana ɗingishi, koma ka ɗaure masa ƙafa." Bai taɓa yabon waƙa don ganin ido ba, bai kuma taɓa sallamar mai ita ba tare da ya zauna sun gyara tare ba.

Bayan ya ajiye aiki, ya raka ƙanensa, Baffa Idi, ƙasar Indiya don a yi masa aiki a ƙashin baya. A ɗakin jinyar akwai wani dattijo da kan rera baitoci kowace safiya. Baba ba ya jin ko kalma ɗaya, amma yatsansa ya kama bugu, har dattijon ya lura ya yi dariya. Da za su rabu, ya ba shi wani littafi mai kauri na baitocin Sanskrit, tsohon harshen malaman can, a rubuce da haruffan boko. Baffa ya dawo da lafiya, Baba ya dawo da abin da ya hana gidanmu sakat.

Ya sa wani tsohon ɗalibinsa ya nemo masa littafin ƙa'idoji na Faransanci daga Yamai. Ya gano su ma gaɓa iri biyu suke aunawa, mai nauyi da marar nauyi, kamar mu. Sai ya ɗauri aniyar bin littafin dattijon baiti bayan baiti, ya gane karin kowanne, ya san wanne aka fi yin waƙa da shi. Ya kwashe gwangwanayen tumatir na Inna, kowane kari da gwangwaninsa, in ya gane baiti ya jefa tsakuwa. Na wani kari mai suna anushtub, mai gaɓa takwas a kowane ɗango, ya cika ya zube, har ya koma tasar Inna ta wanke hatsi. Yakan ce, "Wannan shi ne tuwon geronsu, kullum shi ne a kan wuta." In kuwa ya ci karo da mai gaɓa goma sha tara, wanda suke kira wasan damisa, sai maƙwabta sun ji murnarsa.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, wai me baitocin nan suke cewa?"

Ya ce, "Uwata, ban tambaye su ba. Tafiyarsu nake kallo."

Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa nake da shi, kuma ya san in ya faɗa faɗana yakan yi sanyi. Ranar da bai yi sanyi ba ita ce ranar da na tarar da shi ya jera wake da wasu fararen ƙwayoyi a kan tabarma, wake na gaɓa mai nauyi, farare na marar nauyi. Na duba da kyau, ashe maganin hawan jininsa ne, wanda na sayo da hannuna. Na ce, "Baba, sha aka ce ka yi!" Ya ce zai sha, in bari ya gama ɗangon tukuna.

Mutanen gari ma ba su bar shi ba. Wasu sun yi ta yaɗa cewa ya koma karatun masu bautar gumaka. Wani ya tare shi da maganar a ƙofar masallaci bayan la'asar. Baba ya ce masa, "Alhaji, mudun da kake auna gero da shi, ka taɓa tambayarsa addininsa?" Ya wuce abinsa, sahun gaba kuma bai taɓa rasa shi ba. Jiya a zaman makoki na ji mutumin nan yana faɗa wa baƙi cewa Malam ya iya Indiyanci kamar a can aka haife shi. Sai da Inna ta riƙe min hannu don kada in tanka masa.

A watan jiya ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Na samo masa ranar ganin likita, ya ce a ɗaga. Akwai wasu baitoci da suka ƙi shiga kowane gwangwani, ya ƙirga gaba ya ƙirga baya, gaɓoɓin ɗangayen ba su zo daidai ba. Na ce baitocin da suka yi shekaru aru-aru suna jira ba za su gudu ba. Ya ce, "Su ba za su gudu ba, ni ne zan gudu." Na ɗaga murya, ya koma kan ƙirgensa. Inna ta ce, "Ƙyale shi, ni da na zauna da shi tun kafin a haife ki ban iya da shi ba." Na sake samo wata rana, ya sake ɗagawa.

Ranar Juma'a da yamma ya kira ni, muryarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. "Uwata, na kama su! Wannan karin ba yawan gaɓa ake ƙirga masa ba, nauyin ake tarawa, mai nauyi biyu, marar nauyi ɗaya. Arya sunansa. Yana nan a ƙarshen littafin ƙa'idojin, ni ne ban kai wurin ba." Na ce to madalla, asibiti fa? Ya ce, "Litinin in Allah Ya kai mu, ki zo da mota." Washegari ya yi sallar asuba, ya sha koko, ya jingina da bango. Inna ta ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Aikina ya sa na san abin da likita zai iya yi da an kai shi da wuri. Imanina kuma ya sa na san babu mai wuce ranarsa. Biyun nan suna ta kokawa a raina.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ilyasu, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa aljanna ce makomarsa. Ka saka masa da alheri a kan kowane yaro da ya koya wa karatu. Ka ba Inna haƙuri da ƙarfin zama a gidan da ya yi tsit, Ka dafa wa Baffa Idi da mu 'ya'yan Malam. Taurin kansa kuwa, ya Ubangiji, Ka riga ni yafe masa, don ni har yanzu ban huce ba. Amin.